Darasi na Tara: Sabunta Kaskon Yankan Ciyawa na Tsohuwar Taraktar Lambu

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran mai koyo zai iya:

1. faɗin sassan kaskon yanka da aikin kowanne;
2. gane kaskon da ya cancanci gyara da wanda ya riga ya gama aiki;
3. kwance kasko, gyara shi da sake haɗa shi ba tare da ya ji wa kansa rauni ba;
4. daidaita kaskon a jikin tarakta har yanka ya fito bai ɗaya.

Taraktar lambu da kaskonta

Taraktar lambu ƙaramar tarakta ce ta mutum ɗaya, wadda aka ƙera don yankan ciyawa, jan ƙaramar garma da ɗaukar kaya a amalanke. A Amurka ta yi ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a da yawa sun koma sababbin unguwanni a bayan gari, inda kusan kowane gida ke da filin ciyawa gaba da baya, sai kamfanoni suka shiga gasar ƙera injin da mai gida zai hau ya gyara filinsa da kansa. Kamfanin Wheel Horse na garin South Bend a jihar Indiyana yana cikin na farko-farko. A 1961 International Harvester ya shigo kasuwa da Cub Cadet daga masana'antarsa ta Louisville a jihar Kentaki. A 1963 John Deere ya fito da samfurin 110 daga Horicon a jihar Wiskonsin, mai injin Kohler na ƙarfin doki 7, kuma guda 1,000 aka ƙera a shekarar farko.

An yi taraktocin wancan zamani da ƙarfe mai kauri, injinansu kuma na zubin ƙarfe ne, shi ya sa wasu sun haura shekara 50 suna aiki. Irinsu da na bayansu sukan iso ƙasashenmu a matsayin na hannu, a riƙa gyaran filayen ƙwallo da harabar makarantu da otal-otal da su.

A jikin irin wannan tarakta, kaskon yanka ne ke fara gajiya. Shi ne a ƙasa, shi ke shan danshin ciyawa da yashi, shi ke karo da duwatsu da kututture. Sau da yawa injin da giya suna nan garau, kaskon ne ya rarake. Kamfanonin kuwa sun daɗe da daina ƙera kasko na tsofaffin samfura, saboda haka gyara shi ne mafita.

Sassan kasko

Jikin kasko: farantin ƙarfe ne mai zurfi da aka kife a ƙarƙashin tarakta, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Da inci ake faɗin girmansa, kamar 38, 42 ko 48. Wani inji ne ya buga shi daga falle ɗaya, wani kuma walda aka haɗa shi da ita. Kaurin ƙarfen yakan kama daga milimita 2 zuwa 3 da 'yan kai.

Sandar juyi da gidanta: kowace wuƙa tana da gajeriyar sanda a tsaye, fuli a samanta, wuƙa a ƙasanta. Sandar tana juyawa a cikin boris biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda ke zaune a cikin gida na zubin ƙarfe ko na alminiyom da aka ɗaure a jikin kasko.

Wuƙaƙe: biyu ko uku. Kowace tana da kaifi a ƙarshenta biyu, da kuma fiffike da aka lanƙwasa sama a bayan kaifin. Fiffiken ne ke zuƙo iska, ciyawa ta miƙe tsaye a yanke ta, sannan iskar ta watsa ta waje ta ƙofar gefe.

Bel da fuli: bel ne ke kawo ƙarfin inji zuwa wuƙaƙe. Ban da fulin sandunan juyi, akwai wasu fuli da ba sa juya komai. Aikinsu karkatar da bel da ɗame shi, kuma ɗaya daga cikinsu yana kan hannu mai sifirin.

Ƙarafan rataya da tayoyin kasko: ƙarafan ne ke riƙe kasko su ɗaga shi ko su sauke shi. Ƙananan tayoyin kuwa suna hana shi kartar ƙasa in an hau tudu.

Lissafin da ya kamata mai gyara ya riƙe

Kasko mai inci 42 yakan ɗauki wuƙa biyu, kowace tsawonta kimanin inci 21, wato santimita 53. A juyi ɗaya, bakin wuƙar yana zagaye da'irar da ta kai mita 1.68. In tana juyi 3,000 a minti, ta yi 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya. A ninka 1.68 sau 50, a sami mita 84 a daƙiƙa, wanda ya ɗan haura kilomita 300 a awa. Ƙa'idar kariya ta masu ƙera waɗannan injina a Amurka ta ƙayyade gudun bakin wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, kusan kilomita 350 a awa.

A irin wannan gudu, ɗan ƙaramin aibi ba ya tsayawa inda ya fara. Wuƙa ta daki dutse ta lanƙwashe kaɗan, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Daga nan jijjiga ta fara. Jijjigar ta cinye boris, boris ya saki sanda ta fara rawa, fuli ya karkace ya ci gefen bel, ƙarfen da ke kewaye da gidan boris kuma ya tsage. Wanda ya canza bel kaɗai ya bar wuƙar a lanƙwashe, nan da ɗan lokaci zai sake sayen wani bel. Saboda haka ƙa'idar wannan aiki guda ce: kada a canza abin da ya lalace sai an gano abin da ya lalata shi.

Kariya da kayan aiki

Kafin hannu ya shiga ƙarƙashin tarakta, a ajiye ta a daɓen siminti mai shimfiɗa, a ja birki, a zare makulli, a cire hular fulogi, a kuma kwance wayar batir ta ɓangaren ragi. A bar inji ya huce. A sa safar hannu mai kauri duk lokacin da za a taɓa wuƙa, gilashin kariya da takunkumi kuma lokacin kankara da giranda, domin tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma.

Kayan da ake bukata sun haɗa da sifanoni da soket, filaya, guduma, magagari, giranda, buroshin ƙarfe, samfefa, mamatsin tebur, tef na awo, ma'aunin kauri, giris, kananzir, man fesawa mai sassauta tsatsa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri in da hali. A lura cewa notikan tsofaffin injinan Amurka na inci ne. Noti mai rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shige shi da sako-sako, in an matsa mata sai ta sule masa kai. A nemi sifanonin inci tun kafin a fara.

Sauke kasko da bincikensa

A ɗauki hoton kasko da waya ta kowane gefe, musamman hanyar da bel ya bi, ko a zana ta a takarda. Sannan a sauke kasko ƙasa gaba ɗaya da sandar ɗagawa, a sassauta hannun da ke ɗame bel a hankali saboda sifirin yana da ƙarfin da zai fasa yatsa, a zare bel daga fulin inji. A ciccire fin-fin ɗin ƙarafan rataya, a karya sitiyari gefe guda, a jawo kaskon waje ta gefe. Notika da washa na kowane sashe a zuba su a leda daban, a rubuta sunan sashen a jiki.

A kankare busasshiyar ciyawa da laka da ke ƙarƙashi, a wanke, a shanya. Yanzu ne za a ga gaskiyar kaskon. A bi shi da bincike kamar haka:

A ƙwanƙwasa jikinsa da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta ci kuwa sai a ji shi dum, wani lokaci ma ya lotsa.

A duba tsaga a kewayen gidajen boris da gindin ƙarafan rataya, domin nan ne nauyi da jijjiga suka fi taruwa.

A kama ƙarshen kowace wuƙa a girgiza ta sama da ƙasa. In ta yi rawa, boris ya tafi. A juya ta da hannu. In an ji ƙugi ko gargada, shi ma boris ne.

A sa alama a wuri ɗaya a bakin kasko, a kawo ƙarshen wuƙa ɗaya wurin a auna, a juyo ɗaya ƙarshen a sake aunawa. In bambancin ya wuce milimita 3, ko dai wuƙar ta lanƙwashe ko sandar. A ɗaura wata wuƙa miƙaƙƙiya a sake awon. In bambancin yana nan, laifin sanda ne.

Daga nan sai a yanke shawara. Huji a gefen kasko, tsaga ɗaya ko biyu, mataccen boris da tsohon bel, duk abubuwa ne masu gyaruwa. Amma in saman kaskon, inda gidajen boris ke zama, ya zama siriri ko'ina har babu lafiyayyen ƙarfen da walda za ta kama, ko kuwa kaskon ya murɗe, gara a nemi wani jikin kasko na hannu a mayar masa da sassan da ke da sauran amfani.

Gyaran jikin kasko

A kwance komai har ya rage ƙarfen zalla. Wuƙa ake fara cirewa: a tokare ta da guntun katako a jikin kasko don kada ta juya, sannan a kwance notinta. In noti ya ƙi, a jiƙa shi da mai a ba shi lokaci, a kuma tabbatar ba mai baƙin zare ba ne, wato wanda ake kwancewa ta hannun dama, domin akwai injinan da ke da irinsa.

A kankare tsatsa da buroshin ƙarfe har farin ƙarfe ya bayyana. Inda aka sami tsaga, a huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, a buɗe bakinta kaɗan da giranda, sannan a yi walda. Inda tsatsa ta huda, a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga ƙarfe mai kauri, a yanko faci mai kauri ɗaya da na kaskon, a zaunar da shi daidai bakin ramin. Facin da aka ɗora a kan tsatsa yana riƙe ruwa a tsakani, ruɓa ta ci gaba a ɓoye. A guji ƙarfe mai rufin zinki, hayaƙinsa yana cutarwa.

A gaya wa mai walda ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, yana barin ƙarfen ya huce. Doguwar walda a zama ɗaya tana murɗe siririn ƙarfe, kuma in mazaunin gidan boris ya karkace ko da kaɗan ne, wuƙar ba za ta ƙara yin layi ɗaya da 'yar uwarta ba. Bayan walda a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan mazaunan don a tabbatar suna shimfiɗe.

Sai fenti. A goge maiƙo, a shafa maganin tsatsa in akwai, a bi da jan fenti mai hana tsatsa, sannan fentin mai shafi biyu, ciki da waje. A kula da lunguna da bakin walda, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bar fentin ya bushe sarai kafin a fara haɗawa.

Sandar juyi da boris

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma aka fi yin ɓarna da gaggawa.

A cire notin sama a zare fuli. In ya kafe, a yi amfani da abin jan fuli, kada a sa ƙarfe a ɓamɓare shi, domin fulin da bakinsa ya lanƙwashe ya zama abin yarwa. A mayar da noti a kan zaren sanda don kare shi, a ɗora katako, a buga sandar ta fita ta ƙasa. Tsakanin boris biyu akwai ɗan bututu mai raba su. A ture shi gefe, a sa dogon ƙarfe a bugo kowane boris daga ciki zuwa waje, ana zagayawa. A jera komai a tebur bisa tsarin da ya fito.

A wanke gida da sanda da kananzir. A mirgina sandar a kan gilashi ko shimfiɗaɗɗen ƙarfe. In tana tsalle, ta lanƙwashe, sai a canza ta. A duba inda boris ke zama. In wurin ya side har sabon boris yana shiga babu matsi, sandar ko gidan ya ƙare. Gidan alminiyom kuma a duba kunnuwansa, nan yake yawan karyewa.

Boris yana da lamba a jikinsa, lambar kuma ɗaya ce a duk duniya. Mai lamba 6203 raminsa milimita 17 ne, faɗinsa 40, kaurinsa 12. Mai lamba 6204 kuwa 20 ne da 47 da 14, sai 6205 mai 25 da 52 da 15. In an ga 2RS a bayan lambar, yana da murfin roba gefe biyu, wanda shi ya dace da wurin ƙura. Waɗannan lambobi ba baƙi ba ne a wurin masu sayar da kayan mota da babur. Sai dai a yi hattara, wasu sandunan na inci ne, kamar 5/8 wanda ya zo milimita 15.9, ko 3/4 wanda ya zo 19.05. Akan sami boris mai faɗin waje irin na 6203 amma raminsa na inci. Saboda haka a auna sanda, a kuma tafi kasuwa da tsohon boris a hannu.

Wajen sa sabo, ƙa'idar ita ce ƙarfi ya bi ta zoben da ake cusawa daga cikin zobba biyu na boris, na waje ko na ciki. In cikin gida za a shigar da boris, a danna zoben waje kaɗai, da soket ko bututun da ya yi daidai da shi. In a kan sanda ne, a danna zoben ciki. Bugun da ya ratsa ta 'ya'yan boris yana barin ƙananan lotsa a hanyarsu, sabon boris ya fara ƙugi tun ranar farko. Injin matsi ko mamatsin tebur ya fi guduma. Yana kuma taimakawa a sa boris a firji na ɗan lokaci, a shanya gidan a rana, saboda sanyi yana tsuke ƙarfe, zafi yana buɗa shi.

Kada a manta da bututun tsakiya. In babu shi, da an ɗaure notin sama sai zobban ciki su matso juna, boris ya ɗaure ya ƙone. In gidan yana da ƙofar ɗura giris, a sani cewa giris ba ya ratsa murfin roba. Masu gyara da yawa sukan cire murfin da ke fuskantar ciki don giris ya isa, su bar na waje ya tare ƙura. Bayan haɗawa, a juya sandar da yatsu. Ya kamata ta juya sumul, babu ƙara, babu rawa.

Fuli da bel

A juya kowane fulin ɗame bel a saurara. Galibinsu boris ɗinsu a rufe yake a ciki, in ya mutu fulin gaba ɗaya ake canzawa. Hannun da ke ɗauke da fulin yakan kafe saboda tsatsa, sifirin ya kasa jan sa, bel ya riƙa santsi ko faɗuwa. A kwance hannun, a goge madogararsa, a shafa giris. Sifirin da ya miƙe ko tsatsa ta ci, a canza shi.

Bel ɗin kasko yawanci faɗinsa rabin inci ne ko 5/8. An yi shi ne don ya jure lanƙwasa ta baya da fizgar kama wuƙa, mai kyau kuma yana da zaren aramid a ciki. Fanbel na mota ba ya daɗewa a nan. Tsohon bel ya riga ya miƙe, don haka lambar da ke jikinsa ko ta littafin injin ta fi awon tsawonsa aminci. Wajen sawa, gefen bel mai tsini yana shiga cikin fuli mai kwari, bayansa mai faɗi kuma yana kwanciya a kan fuli mai shafaffen baki. A bi hoton da aka ɗauka, a tabbatar bel ya bi ta cikin ƙarafan da ke hana shi fita. A wasu kasake bel mai haƙora ne ke haɗa wuƙaƙe don kada su yi karo. A irin wannan, dole a jera wuƙaƙen yadda littafin injin ya nuna kafin a sa bel.

Wuƙaƙe

Wuƙar da ta lanƙwashe, ta tsage, ko yashi ya cinye gindin fiffikenta har ya yi siriri, a yar da ita. Ba a miƙe ta da guduma, ba a yi mata walda. Ƙarfenta mai tauri ne da aka gasa, in ya raunana yana iya ɓallewa a tsakiyar aiki, kun kuwa ga lissafin gudunsa. A filayenmu masu yashi, fiffiken yana saurin cinyewa fiye da kaifin, sai a riƙa duba shi.

Wuƙa mai lafiya a wasa ta da magagari ko giranda, ta gefen sama kaɗai, ana bin gangaren da ta zo da shi, kimanin digiri 30. In da giranda ne, kada a bari bakin ya yi shuɗi, domin zafi yana kashe taurinsa. Ba a son kaifi irin na aska, siririn baki yana naɗewa da ya haɗu da tsakuwa.

Bayan wasawa a gwada nauyi. A kafa ƙusa a bango a rataya wuƙar ta ramin tsakiya a kwance. Gefen da ya sunkuya ya fi nauyi, sai a ƙara rage masa ƙarfe har ta tsaya daidai. In za a sayi sabuwa, a duba tsawo da kuma siffar ramin tsakiya, don akwai zagayayye, akwai mai siffar tauraro, taurarin ma ba iri ɗaya ba ne. A ɗaura ta fiffike yana kallon cikin kasko, kaifi yana gaba ta inda take juyawa, a mayar da washa yadda suke, a ɗaure noti da ƙarfin da littafin injin ya faɗa.

Mayarwa da daidaitawa

A mayar da murafan fuli da marfin ƙofar fitar ciyawa. Marfin nan shi ke danne dutsen da wuƙa ta harbo, kada a yi aiki babu shi. A tura kasko ƙarƙashin tarakta, a rataya shi, a sa bel.

Daidaitawa tana farawa daga tayoyin tarakta. A ba su iska daidai da abin da littafin injin ya ce, dama da hagu bai ɗaya, domin taya mai ƙarancin iska tana karkatar da kasko duka. A ɗaga kasko zuwa tsakiyar matakansa. Daga bakin wuƙa zuwa daɓe ake awo, ba daga bakin kasko ba.

A juya wuƙaƙe su kwanta dama da hagu, a auna ƙarshensu na waje. Bambanci kada ya wuce milimita 3. In ya wuce, a gyara ta notin ƙarfen rataya na gefe. Sannan a juya wuƙa ta fuskanci gaba da baya. A yawancin kasake ana so bakin gaba ya fi na baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Dalili shi ne bakin gaba ya yanke ciyawa sau ɗaya, na baya ya wuce ta samanta. In baya ya fi sauka, ciyawa za ta sha yanka biyu, inji ya wahala, mai ya ƙone a banza. Daga ƙarshe a saita tayoyin kasko su ɗan ɗaga daga ƙasa kamar santimita ɗaya, don ba su ke ɗaukar nauyinsa ba, sai a irin kaskon da aka ƙera ya yi tafiya a kan tayoyinsa.

Gwaji

A mayar da wayar batir da hular fulogi. A kori yara da dabbobi daga wurin. A zauna a kan kujera, a tayar da inji, a kama wuƙaƙe na ɗan lokaci a saurara. In an ji bugu, ƙara ko jijjiga mai yawa, a kashe nan take. In lafiya, a bar su su yi 'yan mintoci, a kashe inji, a jira komai ya tsaya cik, a taɓa gidajen boris. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai jure ba alama ce ta matsala. Bayan aikin farko a sake bin notika.

Filin da aka yanka shi ma yana ba da labari. In gefe ɗaya ya fi gajarta, kasko ya karkace. In an bar layin ciyawa a tsakiya, wuƙaƙe sun gajarce saboda cinyewa, ko bel yana santsi, ko ana gudu da yawa. In kan ciyawa ya yayyage ya koma ruwan ƙasa bayan kwana biyu, wuƙa ta dakushe. In ana aske ƙasa a kan tudu, kasko ya sauka da yawa ko tayoyinsa sun yi sama.

Kulawa bayan gyara

A tsince duwatsu da wayoyi kafin yanka. Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda. A kankare ƙarƙashin kasko bayan aiki, musamman da damina, saboda jiƙaƙƙiyar ciyawa da ta manne ita ce uwar tsatsa. A guji watsa ruwa mai ƙarfi a kan boris mai zafi. Da an daki wani abu mai tauri, a tsaya a duba wuƙa kafin a ci gaba. In ciyawa ta bushe aka ajiye tarakta, a wanke kasko, a taɓa fenti inda ya goge, a ɗura giris, a ajiye ta a inuwa.

Taƙaitawa

Kaskon yanka yana lalacewa ne a jere, daga wuƙa zuwa boris, zuwa bel, zuwa jikin ƙarfe. Gyaransa ma a jere yake: bincike, jikin kasko, sanda da boris, fuli da bel, wuƙaƙe, daidaitawa, gwaji. Duk abin da ke juyawa dole ya zama miƙaƙƙe, nauyinsa daidai, ɗaurinsa tam.

Tambayoyi

1. Kawo sassan kasko guda biyar da aikin kowanne.
2. Me ya sa kasko ke riga inji lalacewa?
3. Ta yaya za a bambanta lanƙwasar wuƙa da ta sanda?
4. Mene ne amfanin bututun da ke tsakanin boris biyu?
5. Don me ake hana miƙe wuƙa da guduma ko yi mata walda?
6. Wani ya canza bel sau biyu a damina ɗaya, kowanne yana cinyewa ta gefe guda. Waɗanne wurare uku za ka ce ya duba?
7. Wuƙa mai tsawon santimita 40 tana juyi 50 a daƙiƙa. In zagayen da'ira ya kai faɗinta sau 3.14, mita nawa bakinta ke yi a daƙiƙa ɗaya?

Aikin yi

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum uku ko huɗu. Kowane rukuni ya samo tsohon boris guda biyu daga wurin makanike, ya karanta lambobinsu, ya auna rami da faɗi da kauri, ya rubuta a tebur. Sannan ku ziyarci inda ake amfani da injin yankan ciyawa a garinku, ku nemi izinin mai kula da shi, ku zana hanyar da bel ya bi, ku kuma rubuta aibi uku da kuka gani tare da abin da kuke ganin ya jawo kowanne. Ku kawo rahoton a darasi na gaba.